INA MOTAR KASUWA TA SHIGA?



Ya ɗan'uwa mai karatu, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da ya sa na waiwaya a wannan karo kuwa, wata 'yar magana ce da Goggona ta faɗa mini, wadda ta tsaya mini a rai har na kasa barci sai da na ɗauki alƙalami.

Goggon nan tawa ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a ƙauyenmu da ke cikin fadama, gabas da Haɗeja. Tsohuwa ce mai zafin nema. Tun ina yaro na san ta da sana'ar daddawa da saƙar tabarmar kaba, kuma ba ta fashin kasuwar Haɗeja sai in ciwo ya kwantar da ita. Da girma ya kama ta sai hawan jini ya same ta, aka ɗora ta a kan magani, aka ce ta riƙa zuwa asibiti a Haɗeja duk wata ana duba ta. Ran nan na je gaishe ta, na tarar ƙafafunta sun kumbura. Bayan mun gaisa na ce, "Goggo, ina maganinki?"

Ta ce, "Ya ƙare tun kafin azumi."

Na ce, "Subhanallahi! To me ya hana ki komawa?"

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a wace motar?"

Na ce, "Haba Goggo, ba ga 'yan acaɓa nan birjik a bakin masallaci ba? Ai yanzu ko daga ɗaki aka kira su a waya za su zo har ƙofar gida."

Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Wannan ai motar masu waya ce. Ni gwiwata ba ta hawa, abin da ke ƙulle a bakin zanena ma ba ya hawa."

Na yi shiru. Da na fito sai na bi ta gindin tsamiyar da motar kasuwa take tsayawa a da. Tsamiya na nan, har gungumen da muke zama a kai yana nan, amma na lissafa na ga an shekara da yawa rabon da mota ta tsaya a wurin ta ɗauki fasinja. Babu wanda ya yi shelar cewa an soke ta, babu wanda ya yi mata bankwana. Ta dai riƙa fashi, yau ta zo, mako mai zuwa ba ta zo ba, har aka daina sauraron hon ɗinta. To wannan ne ya sa na ce bari in bi sawun abin tun daga tushe, ko ma gane inda muka baro da inda muka dosa.

ZAMANIN JAKI DA FITO

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san ruwa ne yake yanke hukuncin tafiya. Kogin nan da ya taso daga ƙasar Kano, idan ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu, wani reshe ya nufi Nguru, wani ya yi gabas ya je ya haɗu da ruwan Jama'are su zama kogin Yobe. Da damina ta yi nisa sai ruwa ya malale fadama, ƙauyuka da yawa a ƙasashen Auyo da Kirikasamma da Guri su zama kamar tsibirai. Da rani kuwa ruwa ya janye, a koma bin burtali cikin rairayi da ƙura.

Saboda haka kakanninmu abin hawansu iri biyu ne. Da rani ƙafa da jaki da takarkari, masu hali kuma doki ko raƙumi. Da damina sai kwalekwale. Kowane mashigi yana da masu fitonsa, kuma an san su, an san gidajensu, sana'ar gado ce. Kakana ya sha ba mu labari cewa ranar kasuwa tun da duku-duku ake taruwa a bakin mashigi, mai fito ba ya tashi sai jirgi ya cika, kuma kuɗin fito sananne ne, wanda ba shi da kuɗi ya ba da ɗan hatsi ko ya bari sai kaka. Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu, domin za mu dawo kansa: tun asali tafiyar talaka a ƙasarmu tafiyar taro ce. Jirgi ɗaya, mutane da yawa, kowa ya ba da kaɗan.

JIRGIN ƘASA YA KAWO AGOGO

Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Bayan shekaru kaɗan, a 1911, dogo ya iso Kano. Amma wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne reshen da aka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930. Ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa, ya ratsa Malam Madori da Birniwa. Bai shiga garin Haɗeja ba, ya bi ta kan tudu ta arewa, ya kauce wa fadama. Wannan ne ya ɗaga Malam Madori, ta zama tashar da ƙasar Haɗeja take fitar da gyaɗa da fatu da kifi banda, kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da sikeli a wurin.

Ba domin jin daɗin talaka aka shimfiɗa dogon nan ba, domin kwasar gyaɗa aka yi shi. Amma ya koya wa mutanenmu wani abu da ba su saba da shi ba, wato abin hawa mai rana da lokaci. Jirgi ba ya jiran kowa, ba ya kuma ratsewa domin kowa, amma an san ranar zuwansa, an san kuɗin tikiti, kuma kuɗin da attajiri zai biya a tarago ɗaya shi almajiri zai biya. Mutum yana iya shirya tafiyarsa tun mako guda, ya kwana a Malam Madori, ya wayi gari ya hau. 'Yan ci-rani da almajirai da fatake duk shi suka dogara da shi shekara da shekaru, kafin ya fara ja da baya, motoci suka ƙwace masa kaya da fasinja.

MOTAR KASUWA

Mu da muka yi wayo a shekarun 1970, mun taso mun tarar da zamanin mota. Lokacin kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, an yi rabon Udoji, an buɗe kamfanin haɗa fijo a Kaduna a 1975. Gingimari tana ɗaukar buhuna zuwa Kano, kiya-kiya tana jigila a kan kwalta, ƙauyuka kuwa sai a-kori-kura, wadda ake kafa wa benci biyu a baya a rufa mata tamfol. Daga baya Hayis ta shigo.

Motar ƙauyenmu a-kori-kura ce, mai ita mutumin wani ƙauye ne da ke gaba da mu. Ranar kasuwar Haɗeja, ana sallame sallar asuba za ka ji hon ɗinta daga nesa, sau uku. Wannan hon shi ne agogon gari. Mata su fito da ƙwarya da kwando, maza da buhu da akuya, a taru a gindin tsamiya. Yaron mota ya hau sama yana ɗaure kaya yana zage-zage, direba yana zaune yana shan kunu kamar ba shi ake jira ba. Ta tsaya a ƙauye huɗu ko biyar kafin ta hau babbar hanya. La'asar sakaliya kuma ta taso daga tasha, ta sauke kowa inda ta ɗauke shi kafin magariba.

Kada ka ɗauka zan ce maka aljanna ce. Wallahi mun sha wuya a cikinta. Wurin mutum goma a cusa ashirin, ƙafarka a kan buhun wani, akuyar wani a kan ƙafarka. Idan ta kafe a taɓo kowa ya sauko ya tura, har mai sabuwar riga. Idan ta mutu a daji sai a shimfiɗa tabarma a jira yaron mota ya je ya dawo. Idan kuwa ruwa ya cinye hanya, to sai ta tsaya a bakin mashigi, a ƙarasa da kwalekwale. Wanda ciwo ya kama ranar da ba ta kasuwa ba, sai amalanke, ko a ɗauke shi a kan gadon kara. Mata nawa suka rasu a hanya wajen haihuwa saboda rashin abin hawa na gaggawa? Allah kaɗai Ya sani, Allah Ya jiƙansu.

Amma duk da haka motar nan tana da wasu halaye da sai da ta ɓace muka san darajarsu. Na farko, an san ranarta da lokacinta, ba sai ka nemi kowa ba, kai dai ka fito gindin tsamiya. Na biyu, kuɗinta ɗaya ne, 'yan kamasho da ƙungiyar direbobi sun yanke, babu ciniki, babu duban fuska. Na uku, tana ɗaukar bashi. Goggo ta sha hawa ba ko kwabo a hannunta, sai ta sayar da daddawa ta biya a dawowa. Na huɗu, ita ce gidan wayarmu. Wasiƙa, saƙon kuɗi, maganin asibiti, labarin rasuwa da na haihuwa, duk direba ake ba wa. Tsoho da makaho da mai goyo duk suna da wuri a cikinta, kuma mata suna zama gefe guda cikin mutuncinsu.

ABUBUWAN DA SUKA TARU SUKA KASHE TA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ba acaɓa ce ta fara tsaga bangon ba, ita dai ta tarar da tsagar ne ta shiga.

Tsagar farko daga ruwa ta zo. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma gama ta Challawa a 1992. Tun daga nan ruwan kogin Haɗeja ya sake hali. Ambaliyar da aka saba da lokacinta ta ragu, a wasu wuraren kuma ruwa ya daina janyewa da rani, ya kwanta shekara sukutum. Ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Mashigai da dama suka mutu, hanyar da mota take bi da rani ta zama taɓo, wasu ƙauyukan amfanin da suke kaiwa kasuwa ya ragu. Mota kuwa kaya take bi. Inda buhu ya ragu, direba ya fara tunani.

Tsaga ta biyu daga aljihu ta zo. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Litar fetur da ake saye kwabo 20 ta koma kwabo 39 da rabi a shekarar, kafin 1994 ta ƙare ta kai naira 11. Sabuwar mota ta fi ƙarfin direban ƙauye, kayan gyara suka yi tsada, aka koma sayen 'yan Kwatano, tsofaffin da Turawa suka gama cin moriyarsu. A 1988 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin sufurin jama'a, aka rarraba wa jihohi da ƙungiyoyi bas-bas. Amma waɗannan manyan birane da manyan hanyoyi suka bi. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, zirga-zirga ta ƙaru tsakanin Haɗeja da Dutse da Kano, kuma duk direban da motarsa take da sauran lafiya ya ga gara ya bi kwalta, inda ake samun fasinja kullum, da ya je ya karya ta a burtali saboda kasuwar mako-mako.

A cikin wannan tsaga ne acaɓa ta shigo. Da farko ma'aikaci ne yake fita da babur ɗinsa bayan an tashi daga ofis domin ya cike giɓin albashi, yana rufe fuska kada a gane shi. Daga baya ta zama sana'a sosai. Sai kuma abubuwa uku suka zo suka ƙarfafa ta. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, sannu a hankali sabis ya kai ƙauyuka. A wajen wannan lokaci baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, daga baya Boxer ta Indiya ta biyo, mai jure wahala da shan mai kaɗan. Sannan a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni. A-daidaita-sahu ta gaje wurin a can, yaranmu da yawa da suke ci-rani da babur suka juyo gida da baburansu. Ka wayi gari kowane ƙauye akwai biyar ko goma a gindin bishiya, kowa da lambarsa a wayoyin mutane.

YADDA MOTA TAKE MUTUWA A TSAYE

Ga yadda abin yake faruwa, na kuma gan shi da idona. Bari in kawo misali da lissafi mai sauƙi, ba wai ainihin farashi ba. A ce Hayis tana ɗaukar mutum 18, kuma kuɗin mai da na direba da na yaron mota da abin da za a kai wa mai mota sun tashi naira 18,000. Idan ta cika, kowa naira 1,000 zai biya. To sai mutum shida daga cikinsu, masu ɗan abin hannu, su ce ba za su iya jiran lodi ba, su kira ɗan acaɓa su wuce. Saura 12. Direba yana da zaɓi biyu: ko ya ƙara kuɗi ya koma 1,500, ko ya ƙara jira har Allah Ya kawo wasu. In ya ƙara kuɗi, wasu su ce ai kaɗan ya rage ya kai na acaɓa, su sauka. In ya ƙara jira, mai tumatir ya ga rana tana yi, kayansa za su lalace, shi ma ya sauka. Mako mai zuwa mutum tara ne suka fito. Na gaba direba ya ce ba zai ƙona mansa a banza ba. Ranar da ya yi fashi sau biyu, ko waɗanda suka rage sun daina amincewa da shi, kowa ya nemi lambar ɗan acaɓa tun dare.

Su wa suka rage a gindin tsamiya? Waɗanda tun farko ba su da zaɓi: tsofaffi, da mata masu ƙaramin jari, da marasa waya, da marasa lafiyar da ba za su iya zama a bayan babur ba. Masu ƙarfin da suke cika motar har kuɗinta ya yi sauƙi sun tafi, kuma babu wanda za a ce ya yi laifi, kowa uzurinsa ya duba. Ni kaina da nake wannan rubutu, sau nawa na tsallake mota tana lodi na hau babur don kada in makara? Ashe kujerar da na bari babu kowa, Goggo ce take biyan kuɗinta.

Abin mamaki, hanyoyin ma yanzu sun fi na da kyau. An shimfiɗa kwalta da burji a wurare da yawa da a da sai jaki. Amma hanya mai kyau ba ta ɗaukar mutum da kanta.

A BA ƊAN ACAƁA HAƘƘINSA

Kada wani ya karanta wannan ya ce ina gaba da 'yan acaɓa. Ko kusa. Akwai daren da matar ƙanena ta kama naƙuda mai tsanani wajen ƙarfe biyu, waya ɗaya aka buga, yaro ya zo da babur, aka sa ta a tsakiya wata ta riƙe ta, kafin asuba suna asibiti. Da zamanin a-kori-kura ne, da wataƙila wani labarin ake yi. Babur yana bin gefen gona da kan jinga inda mota ba ta isa ta bi ba. Mai kifi yana kai ɗanyen kifinsa kasuwa kafin ya juya. Dubban samari da ita suke ci da iyayensu, da ita suka yi aure. Wannan alheri ne, wanda ya musa ya yi butulci.

Na taɓa tambayar wani yaro daga cikinsu, na ce, "Samari, me ya sa kuɗinku ba ya tsayawa wuri ɗaya? Jiya kaza, yau kaza."

Ya ce, "Baba, in na kai ka Haɗeja, wa zai biya mini man dawowa? Ni kaɗai nake juyowa. Ga balas ɗin mai babur kullum, ko na samu ko ban samu ba."

Gaskiya ya faɗa. Ba mugunta ba ce, yanayin sana'ar ne. Tafiyar da aka yi domin mutum ɗaya, mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyinta, zuwa da dawowa. Shi ya sa kuɗin yake hawa da dare, ya hau in an yi ruwa, ya hau in an ga kana cikin matsuwa. A da idan ka ɗauki shatar mota sai a ce wane ya yi kuɗi. Yau talakan ƙauye kusan kowace tafiya shata yake ɗauka, bai sani ba.

HAR ƘASASHEN TURAWA

Da na bincika sai na tarar ashe ba mu kaɗai ba ne. A ƙasashen Turai da Amurka ma, bas-bas ɗin da suke bin unguwannin bayan gari suna rasa fasinja, domin kusan kowa yana da motarsa, hukumomi suna ganin bas tana yawo da kujeru babu kowa. Sai wasu suka ce a soke bas mai tsayayyar hanya, a kawo ƙananan motoci waɗanda mutum zai kira ta waya su zo su ɗauke shi. Ka ga acaɓarmu ke nan, sai dai tasu mai ƙafa huɗu ce, kuma hukuma tana biyan wani kaso.

A birnin Helsinki na ƙasar Finland an gwada wannan da wani shiri mai suna Kutsuplus daga 2012, da ƙananan bas 15. Mutane sun so shi, amma a ƙarshen 2015 aka rufe shi saboda kuɗin da hukuma take zubawa a kan kowace tafiya ya yi yawa. A wani gari mai suna Innisfil a ƙasar Kanada, a 2017 hukumar garin ta ce maimakon ta sayi bas, gara ta haɗa kai da kamfanin Uber ta riƙa cika wa mutane kuɗin tafiya. Jama'a suka karɓa hannu biyu-biyu. Amma da masu hawa suka ƙaru sai kuɗin da hukuma take biya ya yi ta hawa, har a 2019 ta ƙara farashi, ta kuma ƙayyade wa kowane mutum tafiya 30 a wata.

Dubi wannan da kyau. Motar haya ta taro, in fasinja suka ƙaru, kuɗin kowane kai raguwa yake yi. Abin hawa na kira kuwa, in fasinja suka ƙaru, kuɗin ƙaruwa yake yi, domin kowane kira sabuwar tafiya ce da sabon mai. Masu arziki da kwamfuta sun gwada sun ga haka. To ina ga ƙauyen da babu hukumar da take cika wa kowa ko sisi?

ABIN DA YA BIYO BAYA

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Kowa ya ji a jikinsa, amma wanda yake biyan tafiya shi kaɗai ya fi kowa ji. A lokacin ne Goggo ta lissafa ta ga kuɗin zuwa Haɗeja da dawowa ya cinye ribar daddawarta har ya taɓa uwar kuɗi. Sai ta daina zuwa. Ta koma sayar wa masu sari da suke biyowa gida, su saya yadda suka ga dama. Da kasuwa ta tsaya, asibiti ma ya tsaya, domin dama tafiya ɗaya take yi ta jefi tsuntsu biyu.

Ambaliyar 2020 da ta 2022 ma sun tuna mana wani abu. Da ruwa ya yanke hanyoyi a ƙasar Haɗeja, babur da mota duk suka tsaya, aka koma wa kwalekwale, aka koma taruwa a bakin ruwa ana jiran jirgi ya cika kamar zamanin kakana. Wanda ya ce an wuce zamanin tafiyar taro, ruwa ya ba shi amsa.

Bayan na dawo daga gaishe da Goggo, na kai ta asibiti da kaina, aka sake ɗora ta a kan magani, kumburin ya sauka, alhamdu lillahi. Amma na san ba kullum nake gari ba. Sai na samu mai unguwa da liman muka zauna, aka kira matan da suke da sana'a. Da aka ƙirga sai ga mutum fiye da goma da suka daina zuwa kasuwa saboda dalili irin na Goggo, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Aka nemi haɗin kan ƙauyuka biyu na kusa, aka samu wani direba aka yi magana da shi: ya zo duk ranar kasuwa bayan asuba, ko mota ta cika ko ba ta cika ba, su kuma su tara masa kuɗin kujeru goma sha biyu tun daren jajibiri, kamar yadda suke zubin adashi. Abin da ya samu a sama nasa ne. Ba zan ce maka abin ya zauna daram ba. An yi makon da kuɗi bai cika ba, an yi makon da motar ta lalace. Amma har ranar da nake wannan rubutu tana zuwa, kuma abin dariya, da waya ake tabbatar da zuwanta tun dare. Wayar da ta taimaka wajen kashe motar, ita ce kuma take riƙe da ita.

Shawarata ga shugabannin ƙananan hukumominmu da ƙungiyar direbobi da masu unguwanni ita ce, kada a ɗauka tunda babura sun cika gari an gama da matsalar sufuri. A je gindin bishiyoyin da mota take tsayawa a da, a tambaya su wa suka daina tafiya. Ba za a gan su a tasha ba, suna cikin gida. Mota ɗaya mai sananniyar rana da sanannen kuɗi, ranar kasuwa da ranar awo a asibiti, ba za ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko haɗin kan ƙauyuka uku ba. A bar wa acaɓa gaggawa da dare da lungun da mota ba ta shiga, nan ne ta fi kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu kuma masu ɗan hali, in ka tarar da motar ƙauyenku tana lodi kuma ba wani uzuri ne mai ƙarfi ya taso ka ba, daure ka shiga ka zauna. Rabin sa'ar da za ka yi kana jira, wata tsohuwa ce kake rage wa kuɗin mota.

Makon jiya na yi waya gida, aka kai wa Goggo. Na ce, "Goggo, an je kasuwa kuwa?" Ta ce, "An je, ɗan nan. Sai dai direban nan naku ba ya yin hon sau uku, sau ɗaya yake yi, saura kaɗan in makara. Ka faɗa masa."

Na ce to, zan faɗa masa.

Allah Ya kai mu inda za mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.